Sunan Aro a Memwar ɗin Dinatu

Shafi na 23

Masu turo mini "ina ci gaba, ina ci gaba" har wayata na ɗaukar zafi, to ga shi, ku bar ni in sha ruwa. Waɗanda suka shigo yau kuma ku matso in ɗora ku a hanya. Muna Arlit ne, a farkon shekarun tawaye, lokacin da kasuwar uraniyom ta faɗi, kamfani yana ta sallamar ma'aikata. Dinatu 'yar Baba Tomas ɗaliba ce a jami'a a Yamai, tana rubuta memwar, wato kundin binciken da sai mutum ya kare shi gaban malamai kafin a ba shi digirin metiriz. Ta zo gida bincike a kan matan da fari ya koro daga daji, sai hanya ta rufe a bayanta. Ba shiga ba fita, sai ranar da soji suka rako konbuwa, wato ayarin motoci.

*

Tun hantsi Dinatu ke kan layi ɗaya.

Ta buga, ta karanta, ta zare takardar daga keken rubutun da Pasto ya ara mata, ta juya bayanta ta sake sakawa. Takarda ta yi wuya a garin, ba a dunƙule ta a yar.

Dokta Isufu, malamin da ke duba aikinta, ba ya tauna magana. Babin farko da ta aika masa ya dawo jajir da jan biro, a ƙasa ya rubuta: "Na ga lambobi, ban ga mutane ba." Ta sha kukanta ta ƙoshi, sannan ta zauna ta rubuta babi na uku kamar mai ba da labari a tsakar gida. Wannan karon sai ya aiko mata da cewa: "Yanzu kika fara rubutu."

A babi na huɗu kuma wai ta fita daga cikin labarin, ta tsaya gefe, ta yi sharhi irin na masana.

Ta ina ake tsayawa gefe da matar da ta raba abincinta biyu ta turo miki rabi?

Ba sallama aka banko ƙyauren gidan.

"Ina mai takarda?"

Mace ce doguwa, goye da yaro, ƙafarta ba takalmi duk da ƙasar ta yi zafin da kaza ma ba ta takawa. Dinatu ta san fuskar, ba ta san sunan ba.

"Sannu baiwar Allah. Wa kike nema?"

"Ke nika nema. Ke ad Dinatu?"

Harshen mutanen Tawa ne a bakinta.

"Ni ce."

"Ni as Sa'a, matar Illi."

"Wane Illi?"

Matar ta yi wata dariya da ba daɗi a cikinta.

"Wane Illi! Ku ji mini ita. Kin san shi a takarda, ba ki san shi a ƙohwar gidanku ba? Illi ɗan Almustafa. Mai jaki da duro. Mai ɗingishi. Wanda ka kawo muku ruwan da kika sha."

Dinatu ta janye hannunta daga kan keken.

Babi na uku labarin Anna Dassin ne, wata tsohuwar Ba'abziniya da fari ya cinye wa dabbobi a wajajen Gugaram, ta dawo Bukkoki a gefen gari tana saƙa tabarma. Ɗanta Rhissa ya nemi aiki a ƙofar kamfani har ya gaji, daga baya ya hau dutse wajen 'yan tawaye. Kafin tsohuwar ta buɗe baki sai da Dinatu ta rantse mata cewa suna ba zai fita ba. Don haka ta canza komai. Ta ba uwar wani suna, ta ba ta wani ƙauye. Ɗan kuma ta ba shi sana'a, ta ba shi tafiyar ɗingishi, ta ba shi wani suna da ya faɗo mata a ka tana cikin bugawa.

Illi ɗan Almustafa.

"Ni... sunan zuwa kawai ya yi mini," ta ce, muryarta can ciki. "Mai ruwa muke ce masa. Wallahi ban san..."

"Zuwa yay yi miki? Ɗingishin ma zuwa yay yi miki? Jakin hwa?"

Dinatu ta tuna. Yanzu take ganinsa a idonta: ranar da take buga shafin, yana tsakar gidan nan yana juye ruwa a randa, yana jan ƙafar hagu. Ta kalle shi ta taga, tafiyar ta yi mata kyau a labari, ta ɗauka. Sunan kuwa, ƙila wani ne ya ƙwala masa kira daga waje, kunnenta ya ajiye ba ta sani ba.

"Masu kaki sun zo da sahe," in ji Sa'a. "Gaban 'ya'yanai sunka ɗaure shi. Sun ce an rubuta cikin jarida, shi ka kai ma 'yan dutsi sukari da shayi da magani cikin duron ruwa. Sun ce ɗiyar Tomas tar rubuta."

"Jarida? Wace jarida? Ni memwar nake rubutawa, malamina kaɗai ke gani. Ban taɓa ba kowace jarida komai ba!"

Tari ya tashi daga bayan labulen ɗaki. Tarin Baba Tomas ne, wanda ya fito da shi daga ramin kamfani tare da takardar sallama.

Ya ɗaga labulen a hankali. Bai kalli kowa ba.

"Baba, kana jin abin da take faɗi?"

Ya sa hannu cikin aljihun gaban rigarsa, ya zaro wani abu a nannaɗe cikin leda.

Jarida ce, irin sababbin nan da suka cika Yamai. A shafin tsakiya ga sunan Dinatu da manyan baƙaƙe. A samansa ga 'yan layuka daga Dokta Isufu, yana yabon ɗalibarsa, yana cewa ƙasa ta ji muryar matan arewa.

"Direban da ya shigo da konbuwar da ta wuce ya kawo mini," in ji tsohon. "Na ce in ɓoye sai Lahadi, in ba Pasto ya nuna ma jama'a, a yi ma Ubangiji godiya."

"To in ka ɓoye, ya aka yi masu kaki suka gani?"

Baba Tomas ya ninke ledar ya mayar aljihu.

"Baba?"

Sa'a ce ta amsa.

"Tambayi tasha. Gindin dogon yaro yaz zamna, shina hwassara musu da Hausa, layi bayan layi. Har da mai shayi sai da yab bar butatai yaz zo saurare."

Baba Tomas ya zauna a bakin randa kamar an zare masa ƙashin baya.

"Ban iya haƙuri ba, ɗiyata. Tun da anka sallame ni, in na je fada wajen hira sai dai in ji na wasu. Wannan ɗanshi ya gina, wancan ɗanshi ya tahi Libiya ya aiko. Ran nan na samu abin hwaɗi."

"Amma kai ka san sunan mai ruwa, Baba! Ba ka ji shi a bakinka ba da kana karantawa?"

"Na ji. Na ce dacewa ce, Illi nawa ne a garin nan? Mutane ma dariya sunka yi, sunka ce ashe mai ruwa ya shiga jarida. Ban lura da wanda ke zaune bayan benci ba."

Dinatu ta fizgi jaridar, ta kai ido ƙasan shafin. A takardar da ta aika ta sa 'yar alamar tauraro a kan sunan, a ƙasa ta rubuta da ƙananan baƙaƙe cewa an canza sunayen mutane da na wurare don kare masu magana. Dokta Isufu da kansa ya koya musu haka a aji.

Ta duba. Ta juya bayan shafin. Ta sake dubawa.

Inda layin ya kamata ya zauna, tallan batir ne.

"Sun yanke," ta ce. "Sun yanke layin da na ce na canza sunaye."

"Canzawa kinka yi?" in ji Sa'a. "To ai da na mijina kinka canza. Tashi mu tai, ki ce musu ba shi na ba."

"Za su ce wane ne."

"Sai ki hwaɗi!"

"Ba zan iya ba."

"Mi kinka ce?"

"Na yi rantsuwa. Shi ma yana da uwa."

Sa'a ta tsaya tana kallonta. Sannan ta kwance goyon, ta ɗauko yaron, ta dire shi a kan teburin, gefen keken rubutu. Yaron ya kai hannu yana danna baƙaƙen.

"Ga shi. Tunda ke ka raba ma mutane suna da laihi, rubuta mishi wani uba."

Yaron ya ci gaba da danna baƙaƙen.

Can Sa'a ta sure ɗanta ta mayar baya, ta ɗaure zanin da ƙarfi.

"Ina ƙohwar wurinsu. In rana tah hwaɗi ban gan ki ba, ke da Allah."

Ƙyauren ya bugu a bayanta.

*

Baba Tomas ne ya fara magana.

"Kina da kwafinki na kabon. Tauraron na nan a ciki. Ki kai musu su gani, shi ke nan."

"Su ga cewa akwai na gaskiya a ɓoye? Baba, daga nan sai su ce in kawo kaset."

Duk hirar da ta yi a Bukkoki tana cikin kaset, a jere cikin kwalin madara ƙarƙashin gadonta. Muryar Anna Dassin na ciki, tana kiran sunan Rhissa, tana faɗin ranakun da yake saukowa ya gan ta.

"To mi za ki ce musu?"

"In ce ƙirƙira ce. Duka. Babu wata tsohuwa, babu wani ɗa. Ni na zauna na shirya."

Tsohon ya miƙe tsaye.

"Kin san abin da kike hwaɗi? In maganar nan ta kai Yamai, su ce ɗaliba ta ƙaga bincike, ba memwar kaɗai za su yaga ba, har sunanki. Ba wata jami'a da za ta sake buɗe miki ƙohwa."

"Na sani."

"Ba ki sani ba! Ni na shiga rami don ke ki hita daga cikinshi. Uwarki tana Maraɗi tana gaya ma dangi ɗiyarta ta kusa zama malamar jami'a. Ki hwaɗi gaskiya, Dinatu. Gaskiya ba ta kashe mutum."

"Wannan tana kashewa."

"An rubuta, kada ka yi shaidar zur."

"Na riga na yi, Baba. A kan mai ruwa na yi ta, har aka yaba mini."

Ta shiga ɗaki ta jawo kwalin. Gawayin murhu bai gama mutuwa ba tun dafuwar safe. Ta durƙusa ta hura shi, ta ɗauki kaset na farko, ta sa biro ta zaro zaren, ya zubo baƙi yana sheƙi.

"Dinatu! Da mi za ki kare aikin naki gaban malamai?"

Ta saki zaren a kan wuta. Ya nannaɗe, ya narke, wari ya cika gidan.

Ya riƙe mata hannu. Ƙarfinsa bai kai ba. Ita ma ba ta fizge da ƙarfi ba, ta dai zame a hankali ta ɗauki na biyu. Tari ya sarƙe shi, ya koma jikin bango yana kallo, hawaye na bin gemunsa, bai share ba.

Sai da kwalin ya zama fanko ta miƙe. Ta ɗora kwafin kabon ɗin a sama, ta jira ya ci.

"Ka rufe gida," ta ce. "In ban dawo ba ka gaya wa Pasto ya zo ya ɗauki kekensa."

*

Ba ta miƙe hanya ba, sai da ta ratsa ta Bukkoki.

Gidajen can da fasassun duro da kwali da tsofaffin buhuna aka yi su. Rana ta take, unguwar ta yi tsit, ko akuya babu. Labari ya riga ta isowa, don duk matar da ta hango ta sai ta ja ɗanta ciki.

Anna Dassin na zaune a inuwar bukkarta, kaba a cinyarta, amma ba saƙa take ba. Hausarta irin ta wadda ta koya da girma ce, mace da namiji duk "kai" ne a bakinta.

"Kai ya zo."

"Na zo, Anna."

"An kama mai ruwa."

"Ni na jawo. Amma ki kwantar da hankalinki, sunan Rhissa ba zai fita ba. Na ƙone kaset ɗin duka."

Tsohuwar ta ɗago kai. Dinatu ta zaci za ta ga sauƙi a fuskarta. Ba shi ta gani ba.

"Kai ya ƙone?"

"Eh, Anna."

"Duka? Raƙumana? Rijiyoyin da na gaya maka sunan shi? Yara biyu da na binne a hanya?"

"Ba yadda zan yi."

"Ni ya gaya maka don ya zauna. Ni zai mutu, Rhissa ba ya dawo, wa zai san mun yi dabba? Kai ya ce takarda ba ya mutuwa."

Dinatu ta durƙusa a kan ƙasa mai zafi, ba ta ji zafin ba.

"Anna, in na bar muryarki, za su zo nan. In na faɗi sunansa, sun samu hanyar da yake saukowa. In na yi shiru, mai ruwa ba zai fito ba. Ki gaya mini, ta ina zan bi?"

Tsohuwar ta daɗe tana murza kabar a tsakanin yatsunta.

"Ni bai sani ba."

"Anna..."

"Illi ya kawo mini ruwa ranar da ba ni da komai. Ya ce in sha, Allah ya biya." Ta ja mayafinta ta rufe baki. "Rhissa kuma shi kaɗai ya rage. Tafi. Kar ka tambaye ni."

*

Wani tsohon sito ne masu kaki suka mayar ofis tun da tawaye ya fara. Sa'a na zaune a ƙasa jikin katangar, tare da wasu matan da su ma ke jiran nasu. Ta ga Dinatu, ta bi ta da ido har ta shige.

Shugaban masu kakin ba irin wanda Dinatu ta zata ba ne. Siriri ne, da tabarau, muryarsa a sanyaye. Jaridar na shimfiɗe a gabansa, an ja layi da fensir ƙarƙashin wasu wurare.

"Madmazel Tomas. Zauna. Kin hutar da ni, da ma yanzu zan aika a kira ki."

Ta zauna a bakin kujera.

"Na karanta har na maimaita," ya ce. "Ni ma na so in wuce jami'a, Allah bai yi ba. Kin iya rubutu. Mutum sai ya ji kamar yana wurin."

"Shef, mutumin da kuka kama ba shi da laifi."

"To?"

"Abin da ke cikin jaridar nan ƙirƙira ce. Ni na shirya shi daga kaina."

Ya cire tabarau ya goge da gefen rigarsa.

"A nan sama malaminki ya ce bincike ne. Ya ce kin zauna da mutanen, kin ji daga bakinsu."

"Haka na gaya masa."

"Ƙarya kika yi masa ke nan?"



"Eh."

"Babu tsohuwar?"

"Babu."

"Ana ganinki kullum a Bukkoki da rakoda."

"Waƙoƙin daka nake ɗauka. Ba su ba ni abin da malamina ke so ba. Ya ce yana son mutane, sai na ƙera masa. Na ga mai ruwa a gidanmu, na ari tafiyarsa da sunansa, shi bai ma sani ba."

"Ina kaset ɗin?"

"Zafi ya lalata su, na zubar."

Ya yi ɗan murmushi, irin na wanda ya ji abin da ya riga ya zata. Ya jawo farar takarda, ya ɗora biro a kai, ya turo gabanta.

"Rubuta. Da Faransancinki mai kyau. Ki ce ke, ɗalibar metiriz, kin ƙaga abin da kika kira bincike, kin yaudari malaminki, kin yaudari jarida. Ki sa hannu. Kwafi ɗaya zai bi konbuwa zuwa jami'arku, don su ma su san wa suke koyarwa."

Dinatu ta kalli takardar.

Ta tuna ɗakin kwanan ɗalibai, su shida a wurin mutum biyu. Ta tuna shekarar da aka soke karatu gaba ɗaya saboda yajin aiki, suka koma aji ɗaya kamar ba su taɓa yi ba. Ta tuna rigar da mahaifiyarta ta riga ta ɗinka mata, tana ajiye a akwati, don ranar kare memwar.

Tun safe ta kasa haɗa layi ɗaya. Wannan kuwa bai ba ta wahala ba. Biron ya yi ta gudu, ba gogewa, ba gyara. Ta sa hannu ta tura masa.

Ya karanta a nutse, har yana gyaɗa kai. Ya busa tawadar, ya buɗe aljihun tebur ya saka, ya murɗa makulli.

"Na gode, Madmazel."

"Yanzu za ku sake shi? Matarsa na waje."

"Da kin zo da hantsi, da wataƙila."

"Ban gane ba."

"Ya amsa."



"Ya amsa me?"

"Duka. Sukarin, shayin, maganin, duron. Mun karanta masa, da farko ya yi gardama, daga baya ya ce haka aka yi." Ya ɗaga kafaɗa. "Ke kin ce kin ƙaga. Shi ya ce ya aikata. Wa zan yarda da shi, wadda yanzu ta sa hannu cewa maƙaryaciya ce?"

"Shef, don girman Allah, bai san komai ba! Tsoro ne ya sa shi!"

"Wuri ɗaya kawai ya rage mana." Ya mayar da tabarau, ya bi fensirinsa da yatsa har ƙarshen shafin, ya karanta da Faransanci, sannan ya juya da Hausa a hankali: "Kafin ya koma, sai ya tsaya gindin rijiyar da ta ƙafe, ya tona rami, ya binne buhun da ya zo da shi. Uwar ba ta tambaye shi abin da ke ciki ba."

Dinatu ta rufe ido.

Anna Dassin ba ta taɓa faɗin wannan ba. Babu buhu, babu rijiya. Babin ne ya ƙi rufuwa, ta yi kwana da kwanaki tana neman abin da za ta ƙare da shi, sai wannan ya zo mata. Dokta Isufu har ja masa layi ya yi, ya rubuta a gefe cewa nan ne ya fi kyau.

"Ku shigo da shi," in ji shugaban.

Ƙofar ciki ta buɗe.

Mutum biyu ne suka riƙo shi ta hammata. Ba rawani a kansa, ba ta taɓa ganin fuskarsa a buɗe haka ba. Yau ba ƙafar hagu kaɗai yake ja ba. Ido ɗaya ya rufe ruf, ɗayan yana yawo cikin ɗakin har ya sauka a kanta.

Ta jira ya zage ta. Ta jira ya tofa mata yawu.

Sai ya yi ƙoƙarin rusunawa, irin yadda yake yi in ya shigo gidansu da ruwa.

"Malama," ya ce, muryar da ƙyar take fita. "Sannu. An ce kai ne ya rubuta."

Ya ja numfashi, ya ci gaba.

"Taimake ni, Malama. Sun ce yanzu za a sa ni mota in nuna wurin. Na ce musu to. Amma rijiya da ya ƙafe yana da yawa a daji."

Ya haɗiye wani abu da ƙyar, ya matso da fuskarsa kusa da ita, ya rage murya kamar mai roƙon asiri.

"Gaya mini, don Allah. A wace rijiya ne na binne?"